Biyan bashi kaɗai ba ya wanke suna a banki

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a wannan jarida tamu mai albarka domin mu yi bayani a kan wata matsala da ke ci wa 'yan kasuwa da ma'aikata tuwo a ƙwarya. Mutum ya karɓi rance, kasuwa ta juya masa baya, aka kai shi kotu har aka yanke masa hukunci. Daga baya Allah Ya hore masa ya biya. Bayan shekara biyu ko uku sai ya je wani banki neman jari, a duba kwamfuta a ce masa sunansa ba shi da kyau. Wasu sai su ɗora wa manaja laifi, wasu su ce hannu aka sa musu. Abin da ya faru shi ne ya biya kuɗi amma bai bi takarda ba. Bashin da ya kai ga shari'a yana barin sawu a kotu, da wurin wanda ya ba da rancen, da kuma kamfanonin da ke tattara bayanan masu cin bashi, kuma kowanne sai an bi shi da ƙafa.

Kamfanonin nan uku ne da Babban Bankin Najeriya ya ba lasisi: CRC Credit Bureau, da FirstCentral, da CreditRegistry. Bankuna manya da ƙanana, da kamfanonin ba da lamuni, da yawancin manhajojin rance masu rajista suna aika musu bayanan duk wanda ya ci bashi a wata-wata, haɗe da lambarsa ta BVN. Shi ya sa sauya banki ko sauya layin waya ba ya ɓoye kowa. Dokar da ta tsara aikinsu ta fito a 2017, Farfesa Yemi Osinbajo ne ya sa mata hannu lokacin yana muƙaddashin shugaban ƙasa, kuma ta ba kowane mutum damar karɓar rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara. A nemi rahoton daga dukkan ukun, domin wani mai ba da rance yana aika wa ɗaya ne ya bar sauran, alhali an umarci bankuna su duba aƙalla kamfani biyu kafin su ba da lamuni. Kana iya zama fes a wuri ɗaya, a ɗayan kuma ana nuna ana bin ka.

In rahoton ya zo, kada ido ya tsaya a kan makin da ke sama, wanda a CRC yake tsakanin 300 zuwa 850. A bi shi layi-layi: sunan wanda ya ba da rancen, ranar karɓa, abin da ya rage, kwanakin da aka wuce ba a biya ba, da matsayin da aka ba bashin. A ƙa'idar Babban Banki, rancen bankin kasuwanci da ya wuce kwana 90 ba a biya ba ya shiga sahun marasa lafiya, bayan kwana 180 ya zama abin shakka, bayan kwana 360 a lissafa shi a matsayin asara. Ƙananan bankuna ma'auninsu ya fi haka gajarta. A nan mutane da yawa ke ruɗewa. In banki ya rubuta bashi a matsayin asara, gyaran littafinsa ya yi, bai yafe maka ba. Wannan alamar ita ce mafi muni a rahoto, kuma tana nan har sai an biya ko an yi sulhu a rubuce.

Dole mu ambaci rancen gwamnati, don ya jefa mutanenmu da dama cikin wannan hali. Rancen manoma da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015, da rancen korona da aka raba ta bankin NIRSAL daga 2020, da yawa sun ɗauke su rabon arziki. An rubuta su a kan BVN kamar kowane bashi. Haka wanda ya ara wa ɗan'uwa ko wani dillali lambarsa aka karɓi kuɗi da ita, ko ya tsaya wa aboki. Tun ranar 1 ga Agusta 2020 kuma akwai tsarin GSI, wanda ya ba banki damar ɗebe uwar kuɗi da ruwan da ya taru daga duk wani asusunka a kowane banki, in ka sa hannu a kan wannan izini lokacin karɓar rance. Tarar jinkiri ba ta cikin abin da aka halatta ɗiba ta wannan hanya, don haka wanda aka zare wa kuɗi ya nemi a ba shi lissafin dalla-dalla.

Yanzu batun kotu, inda aka fi yin asara. Kuskure na farko shi ne gudun sammaci. Ƙarar bashi da ke da takardu ba ta daɗewa, musamman a kotunan ƙananan basussuka irin waɗanda Kano ta buɗe a 2019. In ba ka je ba, a yanke hukunci a bayan idonka a kan duk adadin da mai ƙara ya rubuta, har da abin da da ka je za ka iya musantawa. Wanda hakan ta same shi, kuma da gaske sammaci bai iso gare shi ba, ko yana da hujjar cewa ya biya wani kaso, ya garzaya wurin lauya a nemi kotun da ta yi hukuncin ta jingine shi. Alƙali zai tambayi dalilin rashin zuwa da dalilin jinkiri, don haka kowane mako da ya wuce yana rage ƙarfin roƙon. Ɗaukaka ƙara ma tana da wa'adi: wata uku ne daga babbar kotu zuwa kotun ɗaukaka ƙara a kan hukuncin ƙarshe, a ƙananan kotuna kuma bai kai haka ba. Sannan ɗaukaka ƙara ita kaɗai ba ta dakatar da zartar da hukunci, sai an nemi umarnin dakatarwa daban.

In kuwa bashin gaskiya ne, kada a ɓata kuɗi a kan shari'ar da ba za a ci ba. Mai hukunci a hannu yana iya sa ma'aikatan kotu su kwashe kaya a yi gwanjonsu, kuma kowa ya san farashin gwanjo. Yana iya bin hanyar da lauyoyi ke kira ganishi, wato kotu ta umarci bankunanka su riƙe kuɗinka, sannan a zama na biyu ta ce a miƙa wa mai bin ka. Tsakanin umarnin farko da na ƙarshen nan akwai 'yar dama ta zuwa a zauna. Kotu tana da ikon amincewa a biya kashi-kashi, amma a yi lissafi kafin a yi alkawari. Sau da yawa alƙalai suna ɗora ruwa na kashi 10 cikin 100 a shekara a kan kuɗin hukunci har ranar da aka gama biya. A bashin naira 1,200,000 wannan ya kama 120,000 a shekara, wato 10,000 a wata. Wanda ya ce zai riƙa biyan 10,000 duk wata zai shekara goma uwar kuɗin ba ta motsa ba. Abin da ya kamata a nema a sulhu shi ne a tsayar da ruwan, a yafe tarar jinkiri, a yanke adadi ɗaya da ranakun biya. Mai bin bashin da ya gaji da zirga-zirgar kotu yakan karɓi tayin da ya zo da kuɗi a hannu, ko da kashi ɗaya cikin huɗu ne.

Duk abin da aka amince a rubuta shi, ɓangarorin biyu su sa hannu, a kai kotu ta mayar da shi hukuncin sulhu. A tabbata akwai jimlar da ta ce wannan adadi shi ne cikakken biya na ƙarshe, da wata da ta wajabta wa mai ba da rancen sanar da kamfanonin bayanai. In babu ta farkon, ragowar da aka ce an yafe da baki tana iya ci gaba da fitowa a matsayin bashi. A biya ta asusun kamfani ko na kotu, a karɓi rasit. Kada a tura wa ma'aikacin da ke bin bashi a asusunsa na kansa, komai daɗin bakinsa, domin in ya bar aiki ba ka da shaida. Kada kuma a ba da cekin da ba a tabbatar akwai kuɗinsa ba don a samu sararin kwana biyu. Bashi kansa ba laifi ba ne da ake kama mutum a kai, Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kamu saboda saɓa yarjejeniya kawai, amma cekin da ya dawo babu kuɗi laifi ne a dokar 1977, mai ɗaurin shekara biyu.

Ranar da aka biya kashin ƙarshe aikin takarda ya fara. A karɓi wasiƙar banki mai hatimi da ke cewa ba a bin ka komai, ɗauke da lambar asusun rancen. A sa lauya ya shigar da sanarwa a kotu cewa an cika hukunci, a karɓi kwafi mai tambarin magatakarda, a kai wa duk bankin da aka sa wa asusunka takunkumi domin a sake shi. In an jinginar da mota ko injin ko kayan shago, a nemi a cire su daga rajistar jingina ta ƙasa da ke ƙarƙashin Babban Banki, a kuma karɓo takardun fili in su aka ajiye. Bayan wata ɗaya zuwa biyu a sake neman rahoto. In har yanzu yana nuna ana bin ka, a rubuta ƙorafi ga bankin da kamfanin bayanan a lokaci guda, a haɗa da kwafin wasiƙar da rasit. Kamfanin ba ya sauya adadi da kansa, sai wanda ya aiko da bayanin ya tabbatar, shi ya sa matsin ya fi amfani a kan bankin. A karɓi lambar ƙorafi. In mako biyu ya wuce banki bai warware ba, a kai wa sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki. Manhajar rance da ke aika wa 'yan'uwa da abokai saƙon cin mutunci kuma hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, wato FCCPC, ce gidan ƙararta.

Akwai masu yawo a WhatsApp da Facebook suna cewa a ba su dubu ashirin su goge suna daga jerin masu bashi. Damfara ce, kuma wanda ya miƙa musu BVN ɗinsa yana iya tashi da sabon bashin da bai ci ba. Abin da ake gyarawa shi ne kuskure: bashin da ba naka ba, adadin da bai dace ba, ko wanda aka biya ba a nuna ba. Tarihin jinkiri na gaskiya yana zama, dokar 2017 ta ce a riƙe bayani aƙalla shekara 6 kafin a mayar da shi ma'ajiya. Masu karanta shawarwari a intanet su lura, da yawansu daga Ingila suke, inda ake cire hukunci daga rajista gaba ɗaya in an biya cikin wata guda. Dokarsu ce, kada a je banki a Zariya ana kafa hujja da ita.

Abin da ke danne tsohon tarihi shi ne sabo mai kyau. Jami'in rance ya fi kula da yadda ka yi a shekara ɗaya ko biyu na baya-bayan nan, kuma bashin da aka nuna an rufe ya sha bamban da wanda ke buɗe. A tattara cinikin shago ko albashi ya riƙa bi ta asusu ɗaya na wata shida zuwa shekara, domin bayanin asusu shi ne shaida ta biyu bayan rahoto. Sannan a karɓi ƙaramin abu, wanda ko kasuwa ta yi sanyi za a iya biya, daga wurin da aka tabbatar yana aika bayani ga kamfanonin. A tambaya kafin a sa hannu. Adashi da bashin ɗan kasuwa ga ɗan kasuwa a Kwari ko Singa suna da amfaninsu, amma ba sa shiga rahoto, ko shekara ashirin ka yi kana zubi ba fashi. Wanda ke gudun kuɗin ruwa yana da bankunan Musulunci irin su Jaiz da TAJBank da Lotus, inda za a saya masa babur ko firiza ta hanyar murabaha ya biya a hankali. Su ma suna duba rahoto kuma suna aikawa, don haka biya a kan lokaci a can yana gina suna daidai da ko'ina.

Jimlar abin da ake biya a wata kada ta wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da ke shigowa, ma'aunin da bankuna da yawa ke amfani da shi ke nan ga ma'aikata. A sa ranar biya ta zo kwana uku zuwa biyar bayan ranar albashi, saboda albashin jihohi da ƙananan hukumomi yakan makara, kuma kwamfuta ba ta san uzuri ba. Kada a bi manhajoji biyar a mako ɗaya ana gwada sa'a, domin kowace tambaya da aka yi a kanka tana fitowa a rahoto, mai dubawa kuma zai karanta ta a matsayin alamar wanda ruwa ya kai wa wuya. Wanda ya hango ba zai iya biyan wata mai zuwa ba ya rubuta wa banki tun kafin ranar ya nemi a sake tsara masa biyan, ya kuma riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa.

A ƙarshe muna kira ga Babban Banki da kamfanonin nan uku su fitar da takardar neman rahoto da ta ƙorafi da Hausa, su kuma yi bayani a gidajen rediyo, tunda manomin da aka rubuta wa rance a Argungu ko Haɗeja ba zai shiga shafin intanet na Turanci ya nemi haƙƙinsa ba.

Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan sashen rance da wani lauya, Kano.