Zuwa ga Baba, daga Alƙahira

Assalamu alaikum Baba, barka da war haka. Ina gaishe ku da Inna da yara. Yaya ƙafar Gwaggo?

Na aiko dubu tamanin. Hamsin kuɗin makarantar Auta ne, talatin na maganin Gwaggo. Don Allah a damƙa wa Inna hannu da hannu, kada ya bi ta wajen Yaya.

Labari ya iso ni cewa Kawu yana faɗa a majalisa wai 'yan Shi'a ne suka gina masallacin Azhar inda nake karatu, don haka ni ma na sauya hanya. Ranar da na ji ban runtsa ba. Baba, ginin dai gaskiya ya faɗa. Fatimiyawa ne suka kafa birnin nan a 969, sarkin yaƙinsu Jauhar ya ɗora harsashin masallacin a 970, aka fara Juma'a a ciki da azumin 972. Amma Salahuddin ya kawo ƙarshen daularsu tun 1171, har aka yi kusan shekara ɗari ba a huɗuba a wurin, sai da Sarki Baibaras ya dawo da ita. Yau mazhabobi huɗu na Sunna ake karantarwa. Ni Muhtasar, littafin fiƙihun Malikiyya, nake biya, shi ɗin nan da kuke biya a zaure. Mutanen Barno ma a da can suna da ɓangarensu na kwana a cikin masallacin, ba mu muka fara zuwa ba.

Da za ku ga farfajiyar bayan asuba! Farin dutse mai sanyi har cikin ƙashi, kowa ya jingina da ginshiƙi yana hadda. Ina tuna ku sai hawaye. Fitilun da yara ke yawo da su da azumi, da alewar Mauludi, Misirawa na cewa duk gadon Fatimiyawa ne, kuma mai sayar da su sallarsa irin tamu ce.

Aikin dare a shagon ba wuya, tsayuwa ce kawai, kada Inna ta damu. Na san daminar nan ku kaɗai kuka yi noma, abin yana cina.

Ku karanta wa Kawu wannan da kanku, ban so ya ji a bakin wani. Kuɗin kuma, hannun Inna. A sa ni a addu'a, jarrabawa ta matso.

Ɗanku