Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ya sayar mana da nanotub na kabon

Ranka ya daɗe Manaja,

Bayan gaisuwa. Jiya Litinin na kira ofishinku sau huɗu, babu wanda ya ɗaga, shi ya sa na kawo maganar bainar jama'a.

Ranar 6 ga Maris muka biya ku jika 640 na sefa, kuɗin giram 5 na nanotub, wato siraran bututun kabon da ido ba ya iya ganin ɗaya-ɗayansu, da kwalba ɗaya ta asid klorosalfonik da ake narkar da su a ciki don a yi zare. Kayan ba su iso Maradi ba sai da damina ta faɗi. Takardarku ta ce ƙarfen da ya saura cikin garin nanotub ɗin bai kai kashi 5 cikin ɗari ba. Muka ƙone miligiram 100 a digiri 900, jar toka miligiram 27 ta rage. Tsatsa ce zalla, ƙarfen cikinta ya kusa miligiram 19. Ko maganaɗisu aka kusanto da shi, garin binsa yake yi.

Kwalbar kuma murfinta sako-sako, tana fitar da farin hayaƙi. Wannan asid da ya sha danshi yake rikiɗewa ya koma wasu asid biyu, salfurik da haidiroklorik, ƙarfinsa ya tafi. Aikinsa shi ne ya ɗora caji a bangon kowane bututu, su ture juna, su narke da kansu, kamar yadda masu bincike na Jami'ar Rice a Amurka suka nuna a 2009. Daga nan ake matso ruwan ta siririn rami zuwa cikin wani ruwan sinadari mai suna asiton, ya daskare ya zama zare. Namu kwana uku ana motsa shi, baƙaƙen gudaje ne kawai suke toshe ramin.

Ranar 14 ga Yuli ma'aikacinku ya rubuto: "Ku ƙara girgiza shi da na'urar sauti, wataƙila ba ku saba da irin kayan nan ba a can." A can ina? Girgizar tana kakkarya bututun, kuma gajeren bututu ba ya ba da zare mai ƙarfi ko mai ɗaukar lantarki sosai. Wanda ke sayar da nanotub ya kamata ya san wannan.

Muna so ku maido mana da kuɗinmu cif, har da na dako. Ku kuma fito da sakamakon gwajin wannan rukunin kaya, domin zarginmu shi ne abin da wasu suka ƙi karɓa kuke turo wa masu saye daga Afirka, kuna ganin ba mu da ma'aunin da za mu gane.

Wassalam,
Wani mai bincike a Maradi