Gilashin Kyamara Mai Faɗin Gani A Shimfiɗaɗɗiyar Ƙasar Sakkwato

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana da matasanmu masu sha'awar ɗaukar hoton gulbi, fadama da daji, domin na lura da yawa daga cikinsu sun ɗauka cewa da zarar mutum ya mallaki gilashin kyamara mai faɗin gani, hoto mai kyau ya riga ya samu. Ni ma haka na ɗauka, har sai da na shafe wata huɗu, daga Oktoba zuwa Janairu, ina gwada gilasai uku a kan kyamara ɗaya a kewayen Sakkwato.

Akwai ɗan lissafin da ya kamata mai saye ya fara sani. Lambar milimita da ake rubutawa a jikin gilashi, iya ƙanƙantarta iya faɗin abin da zai kwaso, amma aikinta ya danganta da girman sensa, wato farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara. Babbar sensa milimita 36 ce a tsawo da 24 a faɗi, daidai da fim ɗin da masu hoto na da suka yi aiki da shi, alhali yawancin kyamarorin da ke hannun matasa a nan masu ƙaramar sensa ne. A ƙaramar sensa ta Canon irin tawa sai an ninka lambar sau 1.6 kafin a san ainihin faɗin, a ta Nikon da Sony kuwa sau 1.5. Wannan lissafi ne ya kayar da gilashi na farko da na aro daga wani abokin sana'a, Canon 17-40 mai ƙofar haske f/4 (iya ƙanƙantar lambar f iya faɗin ƙofar da yawan hasken da take shigarwa), wanda ya fito tun 2003 kuma har yanzu ake samun na hannu. Gilashi ne mai ƙwari, launinsa yana da daɗin kallo, kuma a babbar sensa faɗinsa ba laifi, sai dai a kyamarata milimita 17 ɗinsa ta koma kamar 27, wato kusan abin da gilashin 18-55 da ke zuwa tare da kyamara yake bayarwa. Duk wanda ya saye shi domin faɗi a kan ƙaramar sensa, ya biya kuɗin abin da yake da shi a jaka.

Na biyu shi ne Canon 10-18 da aka fitar a 2014, mai nauyin giram 240 kacal, kuma shi ne mafi araha a cikin ukun. Ranar da na fara ɗaura shi na tsaya a gadar Kwalkwalawa, kan hanyar mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, lokacin Gulbin Rima yana cike da ruwan ƙarshen damina. Na murɗa shi zuwa milimita 10, inda yake kwaso kusan digiri 107, na leƙa, raina ya yi fari ƙal, don ga gulbi ga shinkafa ga sararin samaniya duka a wuri guda. Da na koma gida na buɗe hotunan a kwamfuta sai jikina ya yi sanyi. Gulbin ya zama zare, masunci da kwalekwalensa sun koma kamar ƙwayar gero, rabin hoton farin sama ne, sauran rabin kuma ƙasa ce da babu abin da ido zai tsaya a kai.

Laifin ba na gilashin ba ne. Irin wannan gilashi yana girmama abin da ke kusa, yana ƙanƙantar da abin da ke nesa, kuma hotunan da suke ruɗarmu a intanet an ɗauke su ne a ƙasashe irin su Suwizalan, inda duwatsu suke miƙewa su cika saman hoto. Ƙasarmu a shimfiɗe take, abin da ya fi tsayi a yawancin fadamunmu giginya ce ko goriba, saboda haka wanda ya tsaya a tsaye ya ɗauki hoto da milimita 10 zai koma gida da hazo da fili. Sai da na sauka daga kan gadar, na yi sallama da wani dattijo mai gyaran koma a bakin ruwa, na nemi izininsa, na durƙusa har gorar da yake iyo da ita ta rage taku ɗaya da gilashin, sannan na samu hoton da nake nema: gora da koma sun cika gaba, gulbin ya ja ido zuwa can baya. A nan ne wannan ɗan ƙaramin gilashi ya burge ni, domin yana iya fito da abu tar daga nisan santimita 22, kuma yana da na'urar hana rawar hannu, wadda ta taimake ni sosai da asuba lokacin da haske bai gama fitowa ba. Na kuma lura cewa mafi yawan hotunan da na ajiye daga gonakin albasa na kusa da Kware da bakin madatsar ruwa ta Goronyo, a milimita 14 zuwa 16 na ɗauke su, ba a 10 ba.

Na uku shi ne Tokina 11-16 mai ƙofar haske f/2.8, wanda matasa suke kwaɗayi saboda wannan lamba. Nauyinsa ya haura ninki biyu na Canon 10-18, gindinsa ƙarfe ne, na wancan kuwa roba, kuma hasken da yake shigarwa ya ninka na f/4.5 ɗin wancan sau biyu da rabi. Amma mai hoton fili da rana a f/8 ko f/11 yake aiki domin gaba da baya su fito tar, kuma a wannan mataki ban ga bambancin da zai sa mutum ya ƙara kuɗi ba. Inda ya yi zarra shi ne da dare. A watan Oktoba, kafin hazo ya sauko, na kafa kyamara a kan sanda mai ƙafa uku a wajen gari, na bar ta a buɗe daƙiƙa 20, taurari suka fito fes a bayan wata kuka. An san shi kuma da tara ɗigon haske idan rana ta faɗo cikin hoto, abin da ya kamata mai son faɗuwar rana a kan ruwa ya yi la'akari da shi.

Ƙura kuwa ita ce babbar abokiyar gaba, kuma masu sharhin ƙasashen waje ba su cika damuwa da ita ba. A watan Disamba na yi gangancin sauya gilashi a fili ana iskar hunturu, washegari duk hoton da na ɗauka a f/11 sai ga baƙaƙen ɗigo a sararin sama, domin ƙanƙantar ƙofar haske ita ke tona asirin ƙurar da ta kwanta a kan sensa. Tun daga ranar, a ɗaki ko cikin mota nake sauyawa, bakin kyamara yana kallon ƙasa. A wannan fanni 17-40 ya fi sauran kwantar da hankali, saboda yana da zoben roba a gindinsa, ko da yake sai an ɗaura masa filta, wato ɗan siririn gilashi, a gaba kariyar take cika. Filtar da ke ƙara wa sama shuɗi kuwa ba na ba da shawarar a sa ta a milimita 10, domin gefe ɗaya na sama zai yi duhu, ɗaya ya yi fari. Haka nan wanda ya ɗaga kyamara sama a gaban Masallacin Sultan Bello zai ga hasumiya ta karkata kamar za ta faɗi, sai ya daidaita kyamarar ya ja da baya.

Bahaushe ya ce araha ba ta ado, amma a wannan karo mai arahar na riƙe, na mayar wa masu sauran biyun kayansu da godiya. Mai kyamarar Nikon yana da makamancinsa, wato 10-20 da ya fito a 2017, sai dai ya tabbatar kyamararsa tana aiki da shi kafin ya biya, domin tsofaffin samfura ba su karɓarsa. Wanda hoton taurari ne a ransa ya nemi Tokina, wanda kuma yake shirin komawa babbar sensa ya duba 17-40, amma kowannensu ya fara aron gilashin ya yini da shi a bakin Rima kafin ya zaro kuɗinsa.

Wassalam.

Mai karatunku,
daga Mabera, Sakkwato.