Likitanku ya tsaya a rabin hanya

Edita, assalamu alaikum.

Na saurari shirinku na lafiya na makon jiya har ƙarshe, kuma gaskiya raina ya ɓaci. Likitan da kuka gayyato ya yi minti ashirin yana bayanin aman jini, ya ce a garzaya asibiti, a ƙara jini, a tsayar da zubar, daga nan ya koma kan tambayar basir. To bayan an sallami mutum fa? Wannan gurbin da ya bari shi ya kusa kai yayana kabari.

Yayana manomin shinkafa ne, tun yana yaro ƙafarsa na cikin ruwan kanal a yankin Kadawa. Bai taɓa shan giya ba, na faɗi haka ne saboda surutun mutane. Wata asuba ya yi aman jini ya kusa cika kwano. Muka kai shi wani asibiti, aka ƙara masa leda uku, kwana biyar aka ce ya warware, ya tafi gida. Takardar da aka ba mu maganin ƙarin jini ne da na gyambon ciki. Ba wanda ya ce mu dawo, ba wanda ya faɗa mana daga ina jinin ya fito. Muka yi ta godiya kamar an gama.

Bayan mako bakwai bayansa ya riƙe, ya aiki yaro kemis aka sayo masa diclofenac. Kwana uku ya fara baƙin kashi kamar kwalta, a na huɗu jinin ya dawo, ya fi na farko.

A asibiti na biyu ne wata likita, Allah ya saka mata da alheri, ta zaunar da ni ta zana mini a bayan kati. Tsutsar tsargiya ta hanji da ya kwasa a ruwa ta zuba ƙwai a hantarsa shekara da shekaru har hanyar jini ta toshe. Jinin ya nemi wata hanya, ya kumbura jijiyoyin da ke ƙasan maƙogwaro, su ne suka fashe. Ciwon hanta nau'in B ma haka yake yi. Wanda jijiyar ta taɓa fashe masa, in ba a ɗauki mataki ba, kusan 6 cikin 10 sai ta sake fashewa cikin shekara ɗaya zuwa biyu. Kuma matakin ba ɓoyayye ba ne. Ana zura tiyo mai kyamara ta baki a ɗaure jijiyoyin da 'yar roba, a maimaita duk bayan mako biyu zuwa huɗu har su shafe. Sannan ƙwayar propranolol ko carvedilol kullum, ba fashi, ana auna bugun zuciya ya sauko wajen 55 zuwa 60 a minti. Aspirin, ibuprofen da diclofenac kuwa an raba shi da su har abada. Sau huɗu aka ɗaure wa yayana, aka ba shi praziquantel na tsutsar, yau shekara biyu ke nan bai sake ba.

Edita, propranolol fa tsohon maganin hawan jini ne mai araha, kusan kowane kemis akwai shi. Kuɗin ledar jini ɗaya zai saye shi na watanni. Me ya hana asibitin farko rubuta shi? In ba su da na'urar kyamarar, me ya hana su ba mu takardar turawa? Kuma me ya hana likitanku ya faɗi wannan, ga shi dubban mutanen ƙauye sun kasa kunne? Wanda ke gadon kusa da namu, magidanci mai 'ya'ya shida, zuwansa na uku ke nan, kowane karo ƙarin jini da sallama. A gabana aka rufe shi da zane.

Tun da na ɗauki alƙalami, bari in ƙara da abin da na gani a daren farko. Nas ɗin da ta karɓe mu hannu tsirara ta riƙe kan yayana yana amai, ba safar hannu, ba takunkumi, jinin ya fantsal mata har gaban riga. Da na yi magana ta ce safar ta ƙare tun la'asar, sai in mun sayo. Na sayo kwali guda. Wani ma'aikacin kuma ya sa ɗaya ya zagaye gadaje biyar da ita, ya ɗauki wayarsa da ita, ya buɗe ƙofa da ita. A lokacin ba wanda ya san ko yayana na da ciwon hanta B, ko ma zazzaɓin Lassa ne, wanda ya kashe mana likitoci a Kano a farkon 2020. Mu 'yan jinya kuwa mu muka wanke kwanon da hannunmu, ba wanda ya ce uffan.

Ku dawo da likitan nan ya ƙarasa maganarsa, ku ba shi rabin sa'a a kan bayan sallama kawai. Kuma don Allah ku daina sa tallan mai maganin "wanke hanta" daidai ƙarewar shirin, mahaifiyarmu ta riga ta aika an sayo kwalba biyu.

Mai sauraronku,
wani malamin makaranta daga Kura, Jihar Kano