Kafin a rubuta sabon kasafi, a zauna a duba abin da na bara ya yi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, dan Allah ka ba ni ɗan fili in amayar da abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya game da kasafin kuɗi, don ni na yi shekara 31 a sashen kuɗi na wata ma'aikatar jiha kafin in yi ritaya kuma da hannuna na shirya kasafi ya fi sau 20, saboda haka ba labarin ƙanzon kurege zan kawo maka ba, abin da idona ya gani ne.

Yadda muke yi kuwa shi ne, wajen watan Agusta ko Satumba sai takardar umarni ta zo daga ma'aikatar kasafi cewa kowa ya kawo ƙiyasinsa na baɗi nan da sati biyu, to me mutum zai iya yi a sati biyu? Sai mu ɗauko fayil ɗin bara mu karkaɗe ƙura, mu bi layi layi muna ƙara kashi 10 ko 15 cikin 100, mu buga a kwamfuta, babban sakatare ya sa hannu, shi kenan an gama. Babu wanda ya taɓa shigowa ofishina ya tambaye ni, kuɗin da aka ware wa abu kaza bara me suka yi, wa ya amfana, har yanzu ana buƙatar abin ko an daina. Akwai wata tsohuwar Fijo akori-kura a bayan ofishinmu da aka ɗora a kan bulo, tayoyinta babu, gilashin gaba ya fashe, kaji har ƙwai suke yi a ƙarƙashin kujerar direba, amma wallahi shekara da shekaru tana da layinta a kasafi na man fetur da taya da sabis. Na yi magana a kai sau biyu a taron shugabannin sassa, aka ce mini idan muka cire layin za a rage mana rabonmu baɗi kuma ba za mu sake samunsa ba, gara a bar shi a riƙa juya kuɗin ana yin wasu hidimomi da su. Wasu hidimomin na gaskiya ne, kamar takardar rubutu da tawadar firinta da ba a ware musu isasshe ba, wasu kuma Allah kaɗai ya san inda suka bi. Har gobe wannan abin yana damuna.

Maganin wannan cuta ba ɓoyayye ba ne, ƙasashe da dama suna yin abin da ake kira bitar kashe kuɗin gwamnati, wato kafin a yi maganar sabon aiki ko sabuwar kwangila sai a baje kuɗin da aka saba kashewa duk shekara a faifai, a tambayi kowane shiri da kowace hukuma abin da ta tsinana. Ya bambanta da aikin odita fa. Odita yana zuwa bayan an gama ne ya duba ko akwai rasiti da bauca da sa hannu, kuma za ka iya kashe biliyan a kan shirme rasitinka ya cika cif. Ita bita tambayarta ita ce shin ya ma kamata a kashe kuɗin nan tun farko, kuma da an kai su wani wurin ba su fi amfani ba?

Kanada ta yi haka a 1994 zuwa 1995 lokacin Firaminista Jean Chrétien da ministan kuɗinsa Paul Martin, sa'ad da bashi ya yi musu katutu. Tambayoyi shida suka ba kowace ma'aikata ta amsa a kan kowane shiri nata, daga ciki akwai ko shirin yana yi wa jama'a amfani har yanzu, ko aikin gwamnati ne ma, ko na tarayya ne ko na larduna, ko za a iya yinsa da kuɗi ƙasa da haka, ko kuma aljihun ƙasa zai iya ɗauka. Cikin 'yan shekaru, zuwa 1998, suka rufe giɓin kasafinsu. Ingila kuma tun 1998 lokacin da Gordon Brown yake ministan kuɗi suka mayar da abin al'ada, ana zama a yanke wa kowace ma'aikata abin da za ta kashe, galibi na shekara uku ko fiye, ta san iyakarta ta tsara aikinta, kamar wanda ministar kuɗi Rachel Reeves ta gabatar a watan Yunin 2025. Ba na cewa nasu babu aibu, a Kanada dubban ma'aikata sun rasa aiki kuma an rage kuɗin da ake tura wa larduna na lafiya da ilimi, a Ingila ma bitar 2010 ta ministan kuɗi George Osborne ta fi dukan ƙananan hukumomi har aka rurrufe ɗakunan karatu da wuraren matasa, kenan idan ba a yi hattara ba wuƙar kan faɗa wuyan mara ƙarfi ne, kuma wannan shi ne babban tsorona idan aka ce za a yi a nan.

Mu ma ai ba wai ba mu taɓa gwadawa ba ne. A 2011 Shugaba Jonathan ya kafa kwamitin Stephen Oronsaye, suka miƙa rahoto mai shafi wajen 800 a watan Afrilun 2012, suka ƙirga hukumomin tarayya 541, suka ce waɗanda doka ta kafa guda 263 a mayar da su 161, a soke 38, a haɗe 52, a mayar da 14 su zama sassa a cikin ma'aikatu. Aiki ne mai kyau gaskiya, amma aka fitar da farar takarda, wato matsayin gwamnati a kan rahoton, a 2014 aka yi watsi da yawancin shawarwarin, gwamnatin Buhari ta zo ta sake kafa kwamitoci a 2021 su duba rahoton da farar takardar, sannan a watan Fabrairun 2024 aka sanar cewa Shugaba Tinubu ya amince a aiwatar har aka ba wani kwamiti sati 12. Shekara 12 kenan tsakanin miƙa rahoto da wannan sanarwa, kuma a cikin waɗannan shekarun majalisa ba ta daina ƙirƙiro sababbin hukumomi da jami'o'i ba, kowace da shugabanta da 'yan hukumar gudanarwa da motoci da hayar ofis a Abuja. Dalilin da ya sa abin ba ya tafiya kowa ya sani, hukumomi da dama doka ce ta kafa su, sai majalisa ta soke dokar, kuma kowace hukuma akwai kwamitin majalisa da yake sa mata ido yana kuma samun gurbin aiki da kwangila a cikinta, to wa zai sare reshen da yake zaune a kai.

Inda aka yi da gaske kuma an ga amfani, shi ya sa nake cewa ba abin da ya fi ƙarfinmu ba ne. Da aka haɗa tsarin biyan albashi na IPPIS da lambar BVN ta banki, a farkon 2016 ma'aikatar kuɗi ta sanar da cire ma'aikatan bogi sama da 23,000 daga jerin masu albashi. Ministar kuɗi ta lokacin, Kemi Adeosun, ta kafa wani ɗan sashe a ƙarshen 2015 mai bin diddigin kuɗin gudanarwa, suka taɓa tikitin jirgi na manya da alawus ɗin zama da jakunkuna da kalandun da ake rabawa a taro. Asusun bai ɗaya na TSA ya tattaro kuɗin gwamnati da suke warwatse a bankuna ana ba gwamnatin rancen kuɗinta da ruwa. Matsalar ita ce irin waɗannan gyare-gyare sukan dogara ne da mutum ɗaya mai himma, yana tashi daga kujera abin ya bi shi. Ko kasafin 2016 da aka ce za a fara shi daga sifili kowa ya kare kowane kwabo, an yi shi a gurguje ba a horar da ma'aikata ba, ƙarshenta ministan lafiya na lokacin ya tsaya gaban majalisa ya ce abin da ke cikin takardar ba shi ma'aikatarsa ta aiko ba.

Wancan kasafi na 2016 naira tiriliyan 6.06 ne, na 2025 kuma tiriliyan 54.99. Na san naira ta faɗi, amma duk da haka talaka yana da haƙƙin ya tambaya me ya ƙaru a rayuwarsa, musamman da yake sama da tiriliyan 14 a ciki biyan bashi ne kawai. Ƙungiyar BudgIT mai bin diddigin kasafi ta ce ta gano ayyuka sama da 11,000 da majalisa ta cusa a kasafin 2025 na kusan tiriliyan 7, fitilun titi da rijiyoyin burtsatse da makamantansu, da yawa an liƙa su a hukumomin da ba aikinsu ba ne. Sanata Abdul Ningi da ya yi magana a BBC Hausa a watan Maris ɗin 2024 cewa akwai wajen tiriliyan 3 da ba a san ayyukan da aka ware wa ba, dakatar da shi aka yi, ni ba na cewa lissafinsa daidai ne ko ba daidai ba, amma da akwai bitar da ake yi a fili duk shekara da takarda ce za ta raba gardamar. Ga kuma sabon salo na tsawaita kasafi, na bara bai ƙare ba an shiga na bana, har a 2024 aka riƙa tafiya da na 2023 da ƙarin kasafinsa da na 2024 lokaci guda, ta yaya ma'aikaci zai auna abin da aka yi alhali littafi uku ne a buɗe a gabansa?

Abin da ya tunzura ni na ɗauki waya na rubuto wannan wasiƙa dai shi ne haihuwar jikata a ƙauyenmu. Da daddare naƙuda ta kama 'yata aka kai ta asibitin sha-ka-tafi na garin, ma'aikaciya ɗaya ce tak a wurin, babu wuta, firjin ajiye allurar rigakafi ya daɗe da mutuwa an mayar da shi wurin ajiye katin marasa lafiya, da fitilar waya a baki baiwar Allahn nan ta karɓi haihuwar, safar hannu da auduga ma sai da ƙanena ya hau mashin ya je kemis ya sayo. Alhamdu lillahi an sauka lafiya. Da gari ya waye na fito sai ga wani sabon gini a gefe guda an yi masa fenti mai kyau an kafa allo, wai ƙarin ɗakin haihuwa ne, a kulle da kwaɗo, na leƙa ta taga babu gado ko ɗaya sai buhunan siminti da suka daskare. Kuɗin wannan ginin da an ɗauki ungozoma biyu da su an sa sola an sayi firji da sun wadatar, amma gini akwai kwangila a ciki, albashin ungozoma kuwa babu wanda zai samu kaso, kuma babu wani zama da ake yi da zai sa wani ya tashi ya ce ku dakata, wannan asibitin ma'aikata yake nema ba bulo ba. Shugabannin Afirka sun yi alƙawari a Abuja a 2001 cewa kashi 15 cikin 100 na kasafi zai tafi ga lafiya, muna ta kukan ba a cika ba kuma gaskiya ne, amma ko an cika idan haka za a kashe su ruwa ne ake zubawa a kwando.

Ni hankalina ya fi karkata ga jihohinmu na Arewa ma fiye da Abuja, don tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 kason da jihohi ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru sosai, kuma kuɗin nan daga aljihun mai babur da mai kayan miya suka fito. Ina roƙon gwamnoninmu, ko ɗaya ne a cikinsu ya fara, ba sai an kafa sabuwar hukuma ba don Allah, duk shekara a zaɓi ɓangare biyu ko uku kawai, misali ciyar da ɗalibai a makarantun kwana da sayen taki da kuɗin tafiye-tafiye, a ba ma'aikatan kasafi da na ma'aikatar da abin ya shafa wata uku su fita su ƙirga da idonsu, ɗalibi nawa ne a makarantar, buhu nawa ya isa hannun manomi, a sa malaman jami'a ko biyu ne a ciki don kada a ba kura ajiyar nama, sannan a gama kafin takardar umarnin kasafi ta fita don sakamakon ya shiga cikin lissafi. Ma'aikatar da ta gano rarar kuɗi da kanta a bar mata wani kaso ta yi aikin da take buƙata, in ba haka ba kowa zai ci gaba da ɓoye Fijonsa kamar yadda muka yi. A fara yankan daga gidan gwamnati da ayarin motoci da masu ba da shawara barkatai kafin a zo kan alli da magani. Ma'aikata 'yan uwana kuma kada su ji tsoro, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, wanda hukumarsa ba ta da aiki a mayar da shi inda ake neman mutane, makarantu da asibitoci suna nan fayau.

Ku ma 'yan jarida akwai naku a ciki Malam Edita. Ranar da gwamna ya gabatar da kasafi kuna ba shi shafin farko da manyan lambobi, amma rahoton yadda aka kashe kuɗin wanda yawancin jihohi suke sakawa a shafinsu na intanet duk wata uku tun lokacin shirin SFTAS na Bankin Duniya, ban taɓa ganin an fassara shi da Hausa an buga ba, alhali a nan ne ake ganin an ware wa lafiya kaza an saki kaza. Ku ɗauki na jiha ɗaya ku buga mana shafin lafiya da na ilimi da na gidan gwamnati gefe da gefe, sannan ku tura wakilinku ya je ya ga ayyuka biyar kacal daga cikin waɗanda aka ce an biya. Idan wakilin naku yana buƙatar wanda zai nuna masa yadda ake karanta lambobin, na bar lambar wayata a ofishinku, ina gida kullum bayan la'asar.

Wassalam.

Naku,
Tsohon ma'aikacin sashen kuɗi, daga Zariya