Matasa masu ɗaukar hoto, ku shiga ƙungiya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarku mai farin jini domin jan hankalin matasa masu sha'awar ɗaukar hoto su shiga ƙungiya, ko su kafa tasu.

Babban amfaninta shi ne zaman duba hotuna. Kowa ya kawo guda uku tare da saitin da ya ɗauke su da shi, a nan ake gano inda gizo ke saƙa. Idan dokin hawan Sallah ya fito dishi-dishi, saurin ƙiftawar kyamara bai kai 1/1000 na daƙiƙa ba. Idan fuskar mai farar babbar riga ta yi duhu, farin kayan ne ya ruɗi kyamara ta rage haske, sai a ƙara hasken da mataki ɗaya a saitin kyamarar. Da tsakar rana kuwa inuwa ke cika kwarmin ido, shi ya sa muka fi son fita bayan la'asar, kuma ba a ɗaukar kowa sai da izininsa.

Lokacin hunturu muna hana sababbin shiga ƙungiyarmu sauya gilashin kyamara a waje, domin ƙura na shiga ta hau sensa, wato farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamara, ɗigo ya riƙa bayyana a kowane hoto.

Naku,
Wasu masu sha'awar ɗaukar hoto, Kano