GR Yaris jinin rali ce, amma takalmanta na gudron ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da abokan aikinku, ina roƙon ku ba ni fili in yi gyara a kan wata magana da na karanta a shafinku na motoci, inda aka ce Toyota GR Yaris ta dace da hanyoyinmu na burji saboda asalinta daga tseren rali ne. Ni makaniki ne a nan Yamai, na haura shekara 30 a ƙarƙashin motocin jama'a, kuma ɗaya daga cikin waɗannan motoci ta kwana huɗu a garejina, na ɗaga ta na duba cikinta, sannan na tuƙa ta da izinin mai ita. Yabon da marubucinku ya yi mata bai ma kai abin da ta cancanta ba, amma hukuncin da ya yanke a kan hanyoyinmu zai iya jawo wa wani asara.

Gaskiya ne cewa tsere ne ya haife ta. Dokar gasar rali ta duniya ta lokacin ta ce sai kamfani ya ƙera mota 25,000 cikin wata 12 kafin a yarda ya shigar da gangar jikinta tsere, shi ya sa Toyota ta zauna da ƙungiyar Tommi Mäkinen, ɗan Finland da ya ci kambun duniya sau huɗu, ta tambayi irin jikin da suke so, sannan ta fito da motar a 2020. Abin da ya rage mata na Yaris ɗin da muka sani bai wuce fitilu da madubai ba. An mayar da ƙofofin gefe biyu maimakon huɗu, an sunkuyar da rufin ta baya domin iska ta riƙa zamewa, an yi rufin da wani haɗi na kabon, ƙofofi da marfin inji da marfin baya kuma da alminiyom, an kai batir baya domin nauyi ya rabu daidai. Da na leƙa ƙarƙashinta na ga abin da ya fi ba ni mamaki, wato gabanta na Yaris ne amma bayanta daga tsarin Corolla aka ɗauko shi, domin ƙafafun baya su yi faɗi su kuma sami wurin ƙarafan da ke kai musu ƙarfi. Duk da haka nauyinta kilo 1,280 ne kacal.

Injin silinda uku ne, lita 1.6, da turbo mai matsa masa iska, kuma a samfurin Turai na 2020, wanda shi ne ke zuwa mana da sitiyari a hagu, yana ba da ƙarfin doki 261. Wanda ya saba jin cewa silinda uku na ƙananan motocin kai yara makaranta ne zai yi dariya, har sai ya ji cewa tana tashi daga tsaye ta kai gudun kilomita 100 cikin daƙiƙa 5.5, kuma da gangan aka tsayar da iyakar gudunta a 230. Tana ja da ƙafa huɗu kamar kat-kat, sai dai akwai wani maɓalli kusa da giya da ke sauya rabon ƙarfin: a tafiyar yau da kullum gaba na ɗaukar kashi 60 baya 40, in aka murɗa shi baya ya ɗauki 70, in aka sake murɗawa su raba daidai.

Na fita da ita da asuba ta hanyar Doso, kafin manyan motoci su cika gudron. Abu na farko da hannu ke lura da shi shi ne giyar, mai hawa shida, gajera, an ɗago sandarta kusa da sitiyari, tana shiga da ɗan nauyi irin na makullin da bai taɓa tsatsa ba. A ƙasan juyi 3,000 a minti injin yana da ladabi, har mutum ya fara tunanin ko an zuzuta shi ne, amma da allura ta wuce nan sai turbo ya cika, kujera ta dafa maka baya, ka ga bishiyar da ke can nesa ta iso. Muryarsa kakkaura ce mai ɗan gurnani, ko da yake in za a faɗi gaskiya wani ɓangarenta daga lasifika ake ƙaro shi, abin da ban ga amfaninsa ba. Inda ta nuna asalinta shi ne a kwana. Motar da ke ja da gaba kaɗai, in ka taka mata wuta a tsakiyar kwana, hancinta yakan nemi ya miƙe waje, wadda ke ja da baya kuma gindinta ne ke neman wuce kanta. Wannan kuwa tana dafe ƙasa da ƙafafu huɗu ta fice kamar an ja ta da igiya, kuma sitiyarin yana sanar da tafin hannu abin da taya ke takawa, ko kwalta ce tsantsa ko yashin da iska ta watso a kanta. Da na mayar da ƙarfin baya sai na ji ta fi son juyawa, kamar dokin da ya gane nufin mahayinsa kafin a ja linzami. Birkinta na da ƙarfi ƙwarai, faifan gaba ya kai milimita 356, birkin hannu kuwa na sanda ne na gargajiya, kuma in aka ja shi motar da kanta take sakin ƙafafun baya daga inji domin su iya zamewa, dabarar da ƴan rali ke juya mota da ita a matsattsiyar kwana.

Tana da aibinta tun kafin a zo maganar hanya. Kujerar direba ta yi tudu, madubin tsakiya da allon gaba sun matse wurin da ido ke bi ya ga hanya, kuma kamfanin ya amsa wannan kuka a samfurin 2024, inda ya sauke kujerar, ya gyara gaban, ya ƙara ƙarfin zuwa doki 280 a Turai. Kujerun baya na yara ne, wurin kaya kuwa lita 174 ne, ko buhun gero ɗaya sai da lallami.

Na san dalilin da ya sa kalmar rali ke ruɗinmu a ƙasar nan. Mu da muka girma lokacin da tseren Paris-Dakar ke ratsa Agadas da Tenere mun ga ƙaramar Peugeot 205 Turbo 16, wadda Ari Vatanen ya ci gasar 1987 da ita, tana keta yashin da Land Rover ke nutsewa a ciki, mutanen Yamai kuma ba su manta Janairun 2000 ba, lokacin da aka tsayar da tseren a nan aka kwashe motocinsa a jiragen sama zuwa Libiya. Amma waccan 205 ɗin suna da kama kawai ta haɗa da wadda ake sayarwa, domin injinta a tsakiya yake, an ƙara mata tsawo saboda tankunan mai, an kuma ɗaga ta daga ƙasa. Haka zancen yake ga Toyota. Motocin da suka kwashe matsayi na ɗaya zuwa na huɗu a tseren Safari na Kenya a 2022 da 2023 suna ɗauke da sunan GR Yaris, amma ƙashinsu na bututun ƙarfe ne, injinsu silinda huɗu ne, ƙafafunsu na da dogon zango na hawa da sauka, cikinsu a lulluɓe yake da faranti mai kauri, kuma a burji suna tafiya ne a kan janti mai inci 15 da taya mai kaurin gefe, ga ayarin makanikai na jiransu a zango.

Wadda ta zo garejina tana kan janti mai inci 18 da taya siririya, lamba 225/40, kuma tsakanin cikinta da ƙasa bai kai santimita 15 ba. Abin da ya kawo ta ma ke nan. Mai ita ya bar gudron ya shiga burji zai je gaisuwar rasuwa a wani ƙauye, ya faɗa rami ɗaya, gefen taya ya tsage, janti ya lanƙwashe, sai a lokacin ya gano cewa motar ba ta da safaya ko wurin aje ta, sai ɗan kwalin liƙi da famfo, waɗanda ba sa maganin tsagar gefe. A kan wata mota aka ɗauko ta, kwanakin huɗu kuma na neman janti da taya ne. A kan burji mai kunya-kunya taurin ƙafafun da ke sa ta daɗi a kwana shi ne zai girgiza ta har kusoshi su saki. Ga batun mai, domin injin da ake matsa wa iska haka yana son esans mai lamba 98, kuma wanda ya zuba masa na kwalba a bakin hanya cikin zafin Afrilu ya sayi rigima da kuɗinsa. Ƙurar hunturu ma na bukatar a riƙa duba matatar iska fiye da yadda littafin motar ya tsara don ƙasashen Turai.

Toyota da kanta ta san wannan bambanci, domin a Japan ta fitar da wani samfuri mai suna RC da ƙananan birkuna, musamman domin masu shiga tseren burji su iya sa masa janti mai inci 15. Wanda ke son ya bi da ita hanyar da ba kwalta sai ya bi wannan sawu, ya sauya ƙafafu, ya ɗaga ta, ya rufe cikinta, ya kuma yarda cewa wani abu daga cikin daɗin da na ji a hanyar Doso zai ragu. Ina roƙon marubucinku, in zai sake gabatar mana da mota, ya riƙa faɗin tsayinta daga ƙasa, girman tayarta, irin man da take sha, da ko tana da safaya, kafin ya zo kan ƙarfin doki. Mai motar da na ba ku labari yana nan yana jin daɗinta tsakanin Yamai da Doso, amma ranar da zai koma ƙauyen nan domin sadakar arba'in, tsohuwar Hilux ɗin ƙanensa ya ara.

Wassalam.

Naku,
Wani makaniki,
Unguwar Wadata, Yamai